Kowa Ya Sayi Rariya: Na'urar Sanyaya Ɗaki Da Ɗawainiyarta

Kowace shekara, da zarar watan Maris ya kama, kasuwar masu sayar da na'urar sanyaya ɗaki, wadda jama'a suka fi sani da AC, takan buɗe a birnin Katsina. Daga Ƙofar Durbi inda nake zaune, zuwa Ƙofar Ƙaura da sababbin unguwannin bayan ganuwa, da wuya ka wuce layi ba ka ga akwatinta maƙale a jikin bango ba. Ban ga laifin kowa ba. Garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, neman sanyi a cikinsa ba almubazzaranci ba ne, musamman ga gidan da ke da tsoho ko jariri ko mara lafiya. Idan mai karatu bai manta ba, a farkon Afrilun 2024, cikin watan azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma an yi asarar rayuka a wannan yanki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda muke lissafi. Magidanci kan tambayi kuɗin saye da kuɗin kafawa, daga nan ya rufe littafi. Alhali kuwa Bahaushe ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ranar da aka kafa na'urar, ranar ɗawainiyarta ta fara.

Mu fara da wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225, kafin a ɗan sassauta shi a watan da ya biyo baya. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan fiye da kilowat guda idan tana aiki sosai. Mu ƙaddara kilowat guda ne cif, awa takwas kowane dare. Yunit 240 ke nan a wata, kuma ko a kan naira 200 aka yi lissafi, an tashi da naira 48,000 a ɗaki ɗaya tak. A tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wanda ba ya cikin wannan rukuni yana biyan ƙasa da haka, amma wutarsa ba ta daɗewa, sai ya koma ga janareta, ga shi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin fetur ya ninka sau da dama.

Wani hanzari ba gudu ba, ƙarancin wuta bai kai raunin wuta ɓarna ba. Wuta mara ƙarfi takan sa kwamfiresa, wadda ita ce zuciyar na'urar, ta riƙa yunƙurin tashi tana kasawa har ta yi zafi ta ƙone. Wanda ya tsallake sayen sitabilaiza don ya rage kashe kuɗi, yakan biya ninkin abin da ya guje wa.

Sai kuma yanayinmu, wanda ke yi wa na'urar taron dangi. Da hunturu, ƙura takan toshe ragar tace iska da haƙarƙarin akwatin waje. Da bazara, a tilasta mata aiki dare da rana da wannan toshewar, ta sha wuta da yawa ta ba da sanyi kaɗan. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, iska takan cika da laima, kuma a nan ne mutane da yawa ba su fahimci aikinta ba. Asalin wannan na'ura, wadda Willis Carrier ya ƙirƙira a Amurka a 1902, an yi ta ne don rage laima a wata maɗaba'a da ke Burukilin, inda ɗanshi ke ɓata takarda. Har yau tana tatse ruwa daga iskar ɗaki ta fitar da shi ta wani siririn bututu. Idan ƙurar hunturu ta haɗu da ruwan damina a cikin bututun nan, sai ta zama caɓi ta toshe shi. Daga nan ruwa ya biyo bango, fenti ya ɓare, fumfuna ta kama, ɗaki ya ɗauki wari, masu asma da ƙananan yara su shiga uku.

A matsayina na ɗalibin harshe, akwai jimla ɗaya da nake ganin ta ci kuɗin magidanta fiye da kowace, wato "gas ya ƙare". Kalmar ƙarewa tana tafiya da abin da ake ci ko ake ƙonawa, kamar kananzir a fitila ko gas ɗin girki. Wanda ya ji an ce gas ya ƙare, zai ɗauka al'ada ce a riƙa ƙara shi duk shekara. Amma gas ɗin sanyaya ɗaki ba a ƙona shi. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, kuma idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Magana ta gaskiya ita ce "bututu ya huje" ko "mahaɗa ta saki". Mai gyaran da ya ɗura sabon gas bai nemo hujin ya liƙe ba, ya zuba ruwa ne a kwando, kuma zai dawo baɗi a sake biyansa. Ba dukansu ke yin haka da mugun nufi ba, da yawa haka suka koya daga iyayen gidansu.

Lamarin ya wuce aljihu. Tsohon gas mai suna R22, wanda har yanzu ke cikin tsofaffin na'urori da 'yan gwanjo, yana cikin waɗanda yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 da gyare-gyarenta suka tsara a daina amfani da su, saboda illarsu ga rufin sararin samaniya, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa shi ne 2030. Wanda ya sayi irin wannan na'ura don arha, ya sani cewa gas ɗinta zai riƙa wuya yana tsada. Araha dai ba ta ado.

To, ina mafita? Ga magidanci, rigakafi ya fi magani. Ciro ragar tace iska a wanke ta da ruwa duk bayan mako biyu a lokacin ƙura bai buƙatar ko kwabo. A kira mai gyara ya yi wankin gaba ɗaya sau biyu a shekara, ƙarshen hunturu kafin zafi ya sauka, da kuma gab da faɗuwar damina don a buɗe bututun ruwa. A sama wa akwatin waje inuwa ba tare da an toshe masa iska ba. Sannan a daina sa na'ura a kan 16 ana lulluɓa da bargo. Ƙasar Indiya, wadda ta san zafi kamar mu, ta wajabta tun Janairun 2020 cewa sababbin na'urori su fito daga kamfani a saite kan digiri 24. Wannan ma'auni tare da fanka ya ishi mai barci.

Ga hukuma kuwa, a nawa ganin lokaci ya yi da makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina za su shirya gajerun kwasa-kwasai cikin harshen Hausa ga masu gyaran da ke bakin titi, a ba su shaidar da magidanci zai iya tambaya kafin ya buɗe musu ƙofa. Ita ma hukumar SON ta sa ido sosai kan ingancin na'urori da gas ɗin da ake shigowa da su.

Daga ƙarshe, ya kamata mu tambayi kanmu yadda muke gini. Kakanninmu da suka tayar da hasumiyar Gobarau sun san sirrin katanga mai kauri, da soron azara, da tsakar gida mai bishiya, shi ya sa zaurensu ke da sanyi da tsakar rana. Mu kuwa mun koma ga siririn bulo da rufin kwano, mun malale tsakar gida da siminti, mun sare darbejiyar ƙofar gida don mota ta samu wuri, sannan muka ɗora wa na'ura aikin gyara abin da muka ɓata. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki, kowa ya ga iyakar gidan da ba ya zaunuwa sai da lantarki. Ba cewa nake a koma ginin ƙasa dole ba. Amma silin mai kyau, da tagogi masu fuskantar juna, da farin fenti a rufi, da bishiya biyu a harabar gida, duk suna rage wa na'ura aiki, su rage wa maigida kashe kuɗi. Ya dace masu ba da izinin gini su sa waɗannan cikin sharuɗɗansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma namu yoyon tun daga harsashin gini ya faro. Allah Ya sa mu gyara.