Darasin Tsarin Mulki: Daga Filadalfiya Zuwa Mazaɓar Sheshe

A jami'o'in Amurka da dama, ɗalibin ajin farko yakan ɗauki darasi na share fage a kan gwamnatin ƙasarsa da siyasar da ke kewaye da kundin tsarin mulkinta, inda ake sa shi ya karanta takardar da aka rubuta a birnin Filadalfiya a 1787, da gyare-gyare 27 da aka yi mata tun daga lokacin, da kuma manyan hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, musamman na shari'ar Marbury da Madison ta 1803, wadda ta tabbatar wa kotu ikon soke dokar da ta saɓa wa kundin. Wannan darasi ya shafi ɗalibin da ya tashi a Sheshe, cikin birnin Kano, fiye da yadda ake zato, domin tsarin da ake mulkarsa da shi daga can aka aro shi, kuma ɗan Kano ne ya buɗe ƙofar aron.

A watan Oktoba na 1975 Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin rubuta sabon kundi mai mutum 49 a ƙarƙashin lauya Rotimi Williams, ya kuma nuna masa cewa gwamnatin soja ta fi son tsarin shugaba mai cikakken iko, wato wanda jama'a ke zaɓar shugaban ƙasa kai tsaye, ya haɗa shugabancin ƙasa da na gwamnati a hannunsa, maimakon tsarin firaminista irin na Ingila da aka yi aiki da shi har zuwa juyin mulkin 1966. Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Segun Osoba sun ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daban. Majalisar Tsara Kundi da ta zauna a 1977 da 1978 ta kusa wargajewa a kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya. Sa'annan kundin ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1979. Na 1999, wanda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa da dokar soja mai lamba 24, kusan kwafinsa ne.

Abin da darasin share fage ya kamata ya fara nuna wa ɗalibi shi ne cewa kundin Nijeriya rigar aro ce da aka rage mata hannu aka ƙara mata wuya. A Amurka jihohi 13 ne suka haɗu suka kafa tarayya, suka ba ta ƙididdigaggun ayyuka, gyara na goma kuma ya bar musu duk abin da ba a ambata ba, shi ya sa kowace jiha take da kundinta da 'yan sandanta. A Nijeriya kuwa tarayya ce ta haifi jihohi, domin jihar Kano kanta da dokar soja aka ƙirƙire ta a 1967, da dokar soja kuma aka cire Jigawa daga jikinta a 1991. Jerin ayyukan da suka keɓanta ga gwamnatin tarayya ya kai 68 a kundin 1999, sashe na 214 kuma ya hana a kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta ƙasa. Wanda ya haddace ma'anar tarayya daga takardar lacca bai san wannan bambanci ba, zai ci jarrabawa, amma ba zai iya bayyana dalilin da gwamnan da ake kira babban jami'in tsaron jiha ba shi da ta cewa a kan kwamishinan 'yan sanda idan Abuja ta ce a'a.

Babu misalin da ya fi dacewa da aji a Kano kamar zaɓen shugaban ƙasa na 1979. Amurkawa suna zaɓar shugabansu ta hanyar wakilan zaɓe 538 da aka rarraba wa jihohi da babban birnin ƙasar, wanda ya samu 270 ya yi nasara. Masu rubuta kundin Nijeriya sun ƙi wannan hanya, suka ƙirƙiro tasu: dole ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a, ya kuma samu aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi, don kada wani ya hau mulki da ƙuri'ar yankinsa kaɗai. Jihohi 19 ne a lokacin, adadin da ba ya rabuwa uku daidai. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu rubu'i a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya lashe, abin da ya samu bai cika kashi 20 cikin ɗari ba. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara yana cewa jihohi 13 ake bukata, lauyan Shagari kuma, Richard Akinjide, ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka a jiha ta goma sha uku rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'un kawai ake nema, wato sudusin ƙuri'un Kano, wanda Shagari ya riga ya haye. Ranar 26 ga Satumba, 1979, Kotun Ƙoli ta amince da wannan lissafi, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan'uwansa, Akinjide kuwa ba a jima ba ya zama Ministan Shari'a. Ƙuri'un da aka yi wa wannan rabon gado, har da na tsofaffin Sheshe da Mandawari da Yakasai a ciki, kuma a shari'ar guda ɗalibi zai ga lissafi da fassarar doka da siyasa sun cuɗanya.

Haka nan batun raba iko, wato rarraba mulki tsakanin majalisa mai yin doka, da ɓangaren zartarwa, da kotuna masu fassara doka, don kowanne ya taka wa ɗan'uwansa burki. Ba sai an je Washintan ba kafin a ga yadda yake aiki ko yadda yake cijewa: a Kaduna, majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP, ta kuma tsige shi a watan Yuni na 1981. A Kano, rikicin masarauta da ya faro daga dokar 2019 da ta raba ta biyar, zuwa tube Sarki Muhammadu Sanusi II a watan Maris na 2020, zuwa soke dokar a watan Mayu na 2024, ya fito da giɓin da littafin Amurka ba zai taɓa ambata ba, tunda kundin 1999 bai ba sarakuna wani gurbi ba, ya bar makomarsu ga dokar majalisar jiha, alhali mutumin cikin birni ya fi sanin ƙofar mai unguwa a kan ofishin kansila.

Akwai kuma babi na biyu na kundin, wanda ya lissafa abubuwan da gwamnati za ta sa a gaba, kamar ilimi da lafiya da aikin yi, sai sashe na 6(6)(c) ya zo ya hana kotu tilasta su. Matashin da ya ji a rediyo cewa ilimi kyauta haƙƙinsa ne a kundi ya cancanci malami ya buɗe masa shafukan biyu gefe da gefe, ya ga inda aka ba shi da inda aka karɓe.

Sheshe ɗaya ce daga mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Birni da Kewaye, wadda ita ma ɗaya ce daga 44 na jihar. Daga kansilanta ake hawa zuwa majalisar jiha mai kujeru 40, zuwa wakilai 24 da sanatoci 3 da Kano ke turawa Abuja. Wannan tsani ya fi dacewa a fara darasi da shi, balle ma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Kayan aikin ma suna kusa: Jami'ar Bayero, wadda ta faro a 1960 a harabar Makarantar Nazarin Larabci cikin birni, ita ce ke riƙe da Gidan Mambayya a Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano, a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya.

Ya kamata jami'o'i da kwalejojin Kano su wajabta wa kowane ɗalibin ajin farko, ko na likitanci ne ko na injiniya, zango ɗaya na karanta kundin kansa da shari'o'in da aka yi a kansa, a riƙa kwatanta shi da na Amurka sashe bayan sashe, a kuma yarda a yi muhawarar aji da Hausa, tunda sashe na 55 ya amince da ita a zauren Majalisar Tarayya idan an yi tanadin da ya dace. Shugabannin tsangayoyi da majalisun jami'o'i ke da ikon sa wannan a manhaja, kuma ba sa bukatar jiran gyaran kundi kafin su yi.