Akwatin Maigida da Ranar da Ba Ya Nan

A daren 9 wayewar 10 ga Satumbar 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Ya mamaye unguwanni irin su Gwange, ya shiga kasuwar Monday Market da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Wanda ruwa ya tayar tsakar dare 'ya'yansa yake sungumar ɗauka, ba ya tsayawa laluben fayil. Sai bayan ruwa ya janye ake gane cewa akwai asarar da buhun shinkafa da katifar agaji ba sa mayarwa: takardun makaranta, da na fili, da na haihuwa, sun zama dagwalo a ƙarƙashin gado.

Idan aka yi irin wannan, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sayi jakar da ruwa ba ya ratsawa. Shawara ce mai kyau, amma ba ta kai ga tushen matsalar ba. A gidaje da dama, har da na 'yan boko, babban haɗarin da takardu ke ciki shi ne mutum ɗaya kaɗai ya san inda suke da abin da suka ƙunsa. Ambaliya da gobara kan zo jefi-jefi; tafiya da jinya da mutuwa kuwa babu gidan da ba sa shiga. Ranar da maigida ba ya nan, ko yana kwance ba ya iya magana, akwatin da ya kulle bai da bambanci da wanda ruwa ya tafi da shi.

Matakin farko shi ne rarrabewa, domin takardu ba darajarsu ɗaya ba. Akwai masu uwa a ofis. Lambar NIN da ta BVN suna cikin rumbun bayanai. Mai su na iya ganin ta farko ta hanyar danna *346#, ta biyu kuma *565*0#, muddin layin da aka yi rajista da shi yana hannunsa. Shaidar haihuwa tana da rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sakamakon WAEC da NECO yana wurin hukumomin da suka shirya jarrabawar, kuma tun 2022 WAEC ta buɗe shafin da ake samun takardar shaidarta ta intanet. Takardar mallakar fili da gwamna ke sa wa hannu bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 tana da fayil a ma'aikatar filaye. Ɓatan waɗannan wahala ce: rahoton 'yan sanda, rantsuwa a kotu, da zirga-zirgar makonni. Amma ƙofa ba ta rufe ba.

Sai kuma marayun takardu, waɗanda babu kwafinsu a ko'ina: takardar cinikin gida da aka rubuta da hannu a gaban mai unguwa da shaidu, takardar jinginar gona, ta rabon gado, ta bashi tsakanin abokan kasuwa, da wasiyya. Ƙarfinsu yana ga ita takardar da kuma shaidun da suka sa hannu, su kuwa shaidu tsufa suke yi suna mutuwa. Idan irin wannan ta salwanta, haƙƙin da ke cikinta yakan koma gardama a gaban alƙali tsakanin 'yan uwan da jiya suke cin tuwo a kwano ɗaya. Abin mamaki, su ne aka fi sakaci da su, ana naɗe su a cusa cikin tsohon littafi, alhali digiri yana cikin firam a bango.

Magidantan da ke ɓoye takardunsu suna da hujja, kuma ba ta raini ba ce. Mai mata biyu yana tsoron kada nuna wa ɗaya ya zama fifiko. Wani yana gudun ɗan da zai ɗauki takardar gida ya kai jingina. Wani kuma yana ganin maganar wasiyya kamar kiran ajali ce. Sai dai duk waɗannan dalilai ne na hana asalin takarda faɗawa hannun da bai dace ba, ba na ɓoye samuwarta ba. Ana iya kulle asali, a kuma rubuta jeri a shafi guda: ga filayen da ake da su da inda suke, ga bankunan da ake ajiya, ga kamfanin fansho, ga wanda ake bi da wanda yake bi. A ba amintattu biyu, a sanar da iyali cewa jerin yana nan. Addini ma bai bar wannan ga son rai ba: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma hadisi ingantacce ya hori mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba.

Farashin shiru yana da yawa. Bisa ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2024, kuɗin asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba ana mayar da su wani asusu na amana. Magada suna da damar nema, amma ba a neman abin da ba a san da shi ba. Haka kuɗin fansho: sanya sunan mutum a gurbin makusanci ba ya mayar da shi magaji, sai an kawo shaidar mutuwa da takardar kotu kafin a biya. Matar da ke takaba, ba ta san ko sunan kamfanin ba, daga ina za ta fara?

Aikin kansa bai wuce na yini ɗaya ba. Asalin takardu su zauna a jaka guda, cikin leda mai kauri, a wuri mai tudu kusa da ƙofa, inda babba zai iya fizga cikin duhu. Kada a manne su da roba, domin wasu ofisoshi ba sa karɓar takardar da aka yi wa haka. Kwafi ya tafi gidan ɗan uwa a wata unguwa ko wani gari, tun da ruwan da ya ci gida yakan haɗa da na maƙwabci. Hotunansu kuma a adana a imel ko Google Drive, ba a cikin waya kaɗai ba, domin ita ma nutsewa take yi. Marayun takardu a gaggauta yi musu uwa: a sabunta shaidu tun suna raye, a kai cinikin fili a yi masa rajista. Sau ɗaya a shekara, kafin damina ta kankama, a buɗe jakar a duba fasfon da ya ƙare da jaririn da ba a yi wa rajista ba.

Madatsar Alau ta taɓa yin ambaliya a 1994, shekara 30 kafin ta 2024. Tazarar da ta isa a haifi yaro ya girma ya yi iyali bai taɓa ganin irinta ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Takardun gida haƙƙin mutane da yawa ne da aka damƙa wa mutum ɗaya, kuma cikar riƙon amana ita ce masu ita su iya kaiwa gare ta ranar da mai riƙon ba ya nan.