Aikin silima: daga ɗaukar kaya ake farawa

Samarinmu masu sha'awar aikin silima ko na talabijin suna hangen kujerar mai ba da umurni, alhali ƙofar shiga ita ce aikin mataimaki: ɗaukar kaya, jan waya, kiran ƴan wasa kan lokaci, da neman iznin ɗaukar hoto wajen hukuma.

Tarihin ƙasarmu ya shaida haka. Marigayi Umaru Ganda lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Abijan sa'ad da Jean Rouch ya sa shi cikin fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Da ya komo Yamai ya yi aikin mataimaki kafin ya shirya nasa. A 1972 Le Wazzou polygame ya ciwo masa babbar kyautar FESPACO a Wagadugu.

Makarantar IFTIC ta Yamai ta horar da ma'aikata, amma takarda kaɗai ba ta isa, sai an ga mutum bakin aiki. Sau da yawa kuwa mai koyo yana wahala ba lada, har ɗan talaka ya gaji ya bari. Ya kamata masu shirya fim su yanka wa mataimaki albashi, komi ƙanƙantarsa, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.