Gem ɗin injinan yaƙi: wanda ya iya lissafi ne ke ci, ko wanda ya fi kuɗi?

Duk wanda ya saba zama a shagon caji a Gaya ko Ajingi ya san wannan hirar. Samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya, mai wayar ya sha kashi a gem, ana yi masa dariya, shi kuma yana rantsuwa cewa ba iyawa aka fi shi ba, injin abokin karawarsa ne ya fi nasa lebul. A wasan ƙwallo wannan uzuri ne kawai. Amma a wasannin injinan yaƙi, waɗannan manyan butum-butumin ƙarfe masu ƙafafu da ake ɗora wa bindigogi, sau da yawa gaskiya yaron yake faɗa. An fi shi lebul, kuma lebul ɗin sayensa ake yi.

Wasannin nan duk suna da abu biyu: a ƙara wa inji ƙarfi, sannan a tsara yadda za a shiga da shi fagen daga. Inda suka bambanta shi ne wanne daga ciki ke yanke hukunci. Matashin da wayarsa ba ta da ƙarfi, datarsa ta kwana ɗaya ce, cajinsa kuma biya yake yi, bai kamata ya zuba lokacinsa a wasan da aljihu ke yanke hukunci ba. Akwai waɗanda kai ne ke yankewa, kuma sun fi daɗi.

A fara da waɗanda aka fi sani. War Robots na kamfanin Pixonic ya fito a 2014, mutum shida ke karawa da shida. Mech Arena na Plarium kuwa biyar da biyar ne. Dukansu kyauta ake sauke su, dukansu sai da intanet. A War Robots idan mutum ya danna ƙara wa inji ko makami lebul, sai ya jira. Da farko jiran kaɗan ne, daga baya ya koma sa'o'i, har kwanaki. A gefe kuma ga maɓallin da zai kawar da jiran nan take idan an biya da zinaren wasan, zinaren da ake tara shi a hankali ko a saya da kuɗin gaske.

Wanda ya taɓa rubuta manhaja ko da ƙarama ce ya san babu wani aiki da ake yi a bayan agogon nan. Babu maƙerin da ke dukan ƙarfe. Lamba ce a sabar kamfani, 7 za ta koma 8, kuma kwamfuta za ta iya canza ta kafin ƙiftawar ido. Da gangan aka saka jiran, domin shi ne hajar da ake sayarwa. An ƙirƙiri ƙaiƙayi, an ajiye mai susa a gefe da farashinsa.

Akwatunan sa'a sun fi wannan muni. Mutum ya biya, a buɗe masa akwati, ko ya samu inji mai kyau ko tarkace. A ce an rubuta cewa damar samun babban inji kashi 1 ce cikin 100. Yawancin mutane za su ɗauka idan suka buɗe akwati 100 dole su samu. Lissafi bai ce haka ba. Kowane akwati zaman kansa yake, bai san na baya ba, don haka cikin mutum 100 da kowannensu ya buɗe akwati 100, kusan 37 za su tashi hannu rabbana. Wannan ne ya sa hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce a 2018 irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne, kuma tun 2019 Google ya wajabta wa masu manhaja a Play Store su riƙa bayyana kason sa'ar kafin mutum ya saya. Lambar tana nan a rubuce, a wani lungu da ƙananan haruffa. Kaɗan ne ke nemanta.

Wani zai ce ai shi bai taɓa biyan ko kwabo ba. Ya biya. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har da kashi 50 cikin 100, kuma wasan da ba ya buɗewa sai da intanet kullum yana cin rabonsa. Ga batir da ke zuba kamar an huda tulu, ga wayar da ke zafi a hannu. Sannan a ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, irin su wajajen Toranke ko Balare ko Kademi, daƙiƙa biyu na tsaikon netwok sun isa a ragargaza injin mutum yana tsaye. Wanda ke wasa kyauta a irin wannan yanayi shi ne abincin wanda ya biya. Ba don shi ba, mai kuɗin ba zai samu wanda zai gwada sabon makaminsa a kai ba.

To wane ne ɗaya ɓangaren? Misali mafi kyau shi ne Into the Breach, wanda mutum biyu, Justin Ma da Matthew Davis, suka jagoranci ƙirƙirarsa a ƙarƙashin Subset Games, ya fito a 2018. Filin wasan gida 8 ne a tsaye, 8 a kwance. Inji uku kacal ake ba mutum. Abokan gaba wasu manyan ƙwari ne da ke ɓullowa daga ƙasa, ana kiran su Vek. Abin da ya sa wasan ya fita daban shi ne, kafin ɗan wasa ya motsa, kowane ƙwaro ya riga ya nuna gidan da zai kai wa hari. Babu ɓoye-ɓoye, babu gaggawa. Mutum zai iya ajiye wayar ya je sallah ya dawo, filin na nan yadda ya bar shi.

Sai dai sanin inda bugu zai sauka bai hana shi sauka ba. Ƙwari huɗu ko biyar, inji uku, kowane inji motsi ɗaya da hari ɗaya. Kashe su duka ba zai yiwu ba. Nan ne mutum ke gane cewa ture abokin gaba ya fi dukansa amfani. Ƙwaron da ya auna wani gini, idan aka ture shi gida ɗaya, harinsa ya tafi a iska, ko ma ya sauka a kan ɗan'uwansa, dara ta ci gida ke nan. Wanda ba ya tashi sama, idan aka ture shi cikin ruwa yawanci ya nutse. Ramin da sabon ƙwaro zai fito, idan inji ya tsaya a kai ya toshe shi, sai dai injin ya ɗan ji rauni. Kuma ba a cin wasan da yawan kisa. Gine-ginen mutane ake karewa, domin duk ginin da ya rushe yana rage wutar lantarkin da injinan ke dogaro da ita, idan ta ƙare wasa ya ƙare. Sau da yawa dabarar da ta fi ita ce inji ya shiga tsakani ya karɓi bugun da jikinsa.

Dattawan da ke buga dara a gindin bishiya za su gane wannan wasan cikin minti biyar. Rami 30, kowa da 'ya'ya 12, kowa na ganin komai, babu abin da aka ɓoye a aljihu. Gwanin dara ba ya rawar jiki don ya jera uku ya ci ɗa guda. Yana duba abin da cin nan zai buɗe wa abokin karawarsa, wani lokaci ya bar ci ya toshe hanya. Ba a taɓa jin wanda ya biya kuɗi aka ƙara masa ɗa na 13 ba.

Ƙarin ƙarfi a Into the Breach shi ma lissafi ne. Ana samun wasu 'yan ƙwayoyin makamashi, kaɗan ne ƙwarai a duk tsawon wasan. Ƙwaya ɗaya za ta iya ƙara wa inji lafiya 2, ko ta ƙara masa taku 1, ko a tara ta da wasu a ƙara wa makami kaifi. Sabon ɗan wasa makami yake fara runtumawa, kowa ma haka ya fara. Wanda ya daɗe ya san takun nan guda sau da yawa ya fi, domin bindigar da ba ta isa wurin da ake buƙatarta ba, ita da babu duk ɗaya. Ƙwayar da aka saka wa inji ɗaya kuma ba ta komawa wani. Duk abin da mutum ya zaɓa, ya bar wani abu.

Wannan ka'ida ta zaɓi da rashi tsohuwa ce a wasannin injinan yaƙi. A Front Mission, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 1995, gangar jiki da hannaye biyu da ƙafafu kowanne da lafiyarsa: a karya hannu makamin da ke riƙe ya tafi, a karya ƙafafu inji ya koma jan jiki. A BattleTech na kwamfuta, na 2018, kowane inji na da iyakar nauyin da zai ɗauka. A ƙara bindiga sai a rage sulke, a yi ta harbi ba sanyaya inji ya yi zafi ya mutu a tsakiyar fili, ƙarshen wata kuma ga albashin matuƙa da kuɗin gyara suna jira. Duk ɗan acaɓan da ya taɓa ɗora buhunan gyaɗa daga Ajingi ya nufi Wudil ya san wannan lissafin: buhu na uku riba ne, amma taya da birki ne za su biya.

Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce, Into the Breach ya shigo wayoyin Android da iPhone a Yulin 2022 ta hanyar Netflix ne, sai mai rijistar wata-wata. Ga mafi yawan samarin Gaya wannan ƙofa a rufe take, kuma babu ma'ana a ce wa mutum ya guji kashe kuɗi a gem sannan a tura shi biyan kuɗin wata.

Wanda ke hannun kowa shi ne Mindustry. Kyauta ne a Play Store, bai kai megabait 100 ba, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. A nan ba a sayen lebul, ƙera shi ake yi. Mutum zai haƙo tagulla da dalma da yashi da gawayi, ya shimfiɗa bel ɗin da zai kai su masana'anta. Yashi 2 da gawayi 1 ke ba da silikon 1, idan akwai wuta. Da silikon da dalma ake ƙera ƙaramin inji mai suna Dagger, sannan a shigar da shi wata masana'antar ya fito a matsayin Mace mai feshin wuta, daga nan Fortress, Scepter, har Reign. Kowane mataki na buƙatar ƙarin kaya da ƙarin lantarki. Wanda ya yi gaggawar gina babbar masana'anta alhali wutarsa ba ta kai ba, zai ga komai ya tsaya cak, darasin da babu ɗan Kano da ke buƙatar a fassara masa. Wanda kuma ya tara Fortress zalla yana taƙama, jiragen abokan gaba za su zo su yi masa ruwan bama-bamai, domin Fortress ba ya harbin sama. Tarihin baka ya ce wani maƙeri daga Gaya mai suna Kano ne ya je Dala neman tama har garin ya samu sunansa. Jikokinsa su haƙi ƙarfe a waya su narka, ai gado ne.

Abu biyu suka ƙara wa Mindustry daraja. Abokai za su iya haɗuwa a wasa ɗaya ta hotspot ɗin waya guda ba tare da an taɓa data ba. Sannan lambobin da aka rubuta shi da su, da yaren Java, a buɗe suke a GitHub, kowa zai iya karantawa ya ga yadda aka lissafa lafiyar inji da ƙarfin harsashi. A cikin wasan ma akwai 'yar na'urar da ake rubuta wa umarni ta riƙa sarrafa injinan da kanta. Yaron da ya sa Dagger goma suka bi umarninsa ya fara rubuta manhaja ke nan, ko bai sani ba. Fassarorin wasan 'yan sa kai ne ke yin su, don haka babu abin da ya hana ɗaliban kwamfuta na jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil su gwada da Hausa.

Yana da nasa aibun. Ba ya jiran mutum kamar dara, abokan gaba na zuwa ko an shirya ko ba a shirya ba. Shimfiɗa bel da ɗan yatsa a ƙaramin allo na da ban haushi, kwanakin farko kuma mutum zai ji kamar an jefa shi a rijiya. Idan sansani ya girma, waya mai ƙaramin RAM za ta fara nishi.

Su ma wasannin intanet ɗin ba a ce babu dabara a cikinsu ba. A War Robots ƙungiyar da ta kama tutocin fili ta riƙe su tana iya cin wadda ta fi ta makamai, kuma daɗin doke mutum mai rai daga wata ƙasa daban yake da doke kwamfuta. Kamfanonin ma dole su ci abinci, sabar ba kyauta ba ce. Wanda ya sayar da fenti ko ado na inji bai zalunci kowa ba. Layin da aka tsallake shi ne sayar da ƙarfin da ke yanke hukuncin karawa, a wasan da ake kira gasa.

Gane bambancin ba ya buƙatar mako guda. Kafin a shaƙu da sabon gem, a kashe data a gani ko zai buɗe. Sannan a shiga shagon da ke cikinsa a duba hajar: idan fenti ne da tambari, a ci gaba, idan makami ne da akwatin sa'a da maɓallin kawar da jira, a nemi lambar kason sa'ar a karanta. Na ƙarshe sai an sha kashi na farko. Idan wasan ya mayar da mutum filin don ya duba inda ya yi kuskure, na zama ne. Idan allon da ya fara fitowa tayin rangwame ne da agogo yana ƙirga minti, a goge shi tun kafin mai caji ya miƙo wayar gobe.