Kira ga matan Matameye: ku san abin da kuke shafa wa kanku

Ya ku iyayenmu mata, yayye da ƙanne, makitsa da masu shagon gyaran gashi na Matameye, Kance, Ɗan Barto da ƙauyukan kewaye.

Da zarar sallah ko biki ya ƙarato, sai teburan ƴan koli su cika da kwalayen man miƙar da gashi, da dama sun biyo hanyar Kano da Daura. Mai saye ta tambaya wanne ne ba ya ƙuna, mai sayarwa ya miƙo mata wanda aka rubuta wa "sans soude", ya ce ba shi da soda, ko ƙaramar yarinya ma a shafa mata. Wannan maganar ce ta sa muka ɗaga murya.

Man nan iri biyu ne. Na farko yana ɗauke da soda, ita dai wadda mata ke haɗa sabulu da ita suna kaffa-kaffa kada ta taɓa musu hannu. Yakan zo a roba ɗaya, yana aiki da sauri, kuma sakaci kaɗan ya isa ya ƙone fatar kai. Na biyu, wato marar soda, yakan zo da kirim da ɗan ruwa a kwalba, sai an gauraya su kafin a shafa. Zafinsa ba ya tasowa da wuri, amma sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yana maƙalewa a gashi, ya busar da shi har ya riƙa karyewa. Jinkirin zafin nan shi ke yaudarar mata: tunda ba a ji raɗaɗi ba, sai a bar shi ya wuce lokacinsa.

A shekarar 2019 masana a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu sun auna ire-iren man nan har 121, masu soda da marasa soda, har da waɗanda ake tallatawa don yara. Dukkansu ƙarfinsu ya kai matakin da ke cin fata. A 2022 kuma wani bincike na Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka, da ya bi diddigin mata sama da 33,000, ya gano cewa a cikin masu amfani da magungunan miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara, kimanin 4 cikin 100 na iya kamuwa da sankarar mahaifa kafin su cika shekara 70, alhali waɗanda ba su amfani da su ba su kai 2 cikin 100 ba. Binciken bai yanke hukuncin cewa man ne sanadi ba, amma mai hankali ba ya raina gargaɗi.

Don haka, ƴar'uwa, idan har za ki shafa, ki kiyaye. Kada ki shafa ranar da kika yi tsifa, ko kina da ƙuraje, ko kin sosa kai. A fara shafa basilin a goshi, kunnuwa da ƙeya. A sa man a sabon tsiro kawai, kuma a bar aƙalla mako 6 zuwa 8 tsakanin shafawa da shafawa. A duba agogo, a bi mintunan da aka rubuta a kwali. Kina jin ƙuna, a wanke nan take da ruwa mai yawa da shamfon da ke kashe ƙarfin man. Ragowar wanda aka gauraya a zubar, kada a ajiye. Idan ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa, sannan a garzaya asibiti.

Makitsa, kawunan mutane amana ce a hannunku: ku sa safar hannu, ku daina cewa a daure sai ya kama. Ƴan kasuwa, ku ji tsoron Allah, ku bar ce wa mata marar soda ba ya cutarwa. Magidanta, ku daina kushe gashin da Allah Ya halicci matanku da shi. Karkashi, man kaɗe da man shanu suna tausasa gashi, kitso kuma ado ne da muka gada kaka da kakanni.

Iyaye mata, roƙonmu mafi girma gare ku yake: mai soda ko marar soda, kada ko ɗaya ya hau kan ƙaramar yarinya. Wadda ta ji wannan kira ta isar wa maƙwabciyarta. Allah Ya ba mu lafiya, amin.