Rabon Gado a Ajin Aljabara

A makarantun sakandare na Dutse da kewaye, ɗalibi kan bi darasin aljabara lami lafiya har zuwa ranar da aka rubuta masa x/8 da x/6 a allo, daga nan sai gwiwarsa ta yi sanyi. Malamai da dama kan ɗora wa ɗalibin laifi. Amma laifin ya fi karkata ga yadda ake gabatar da darasin tamkar baƙon abu da boko ya zo da shi, alhali rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni sun daɗe a bakin malaman gado. Shi kansa Alkawarizmi, wanda aka samo kalmar aljabara daga sunan littafinsa da ya rubuta a Bagadaza wajejen shekarar 820, ya ware babban kaso na littafin ga lissafin wasiyya da gado.

Saboda haka ya kamata malami ya fara daga abin da ɗalibi ya saba ji a gida. Ga misali: wani magidanci ya rasu ya bar mata da mahaifiya da ɗa namiji ɗaya. Bayan an biya bashi, matar ta ɗauki sumuni, mahaifiyar ta ɗauki sudusi, ɗan ya kwashe ragowar naira 170,000. Nawa ne dukiyar da aka raba? Idan an kira ta x, sai a rubuta x − x/8 − x/6 = 170,000.

Malamin gado yana jin sumuni da sudusi zai ce asalin mas'alar 24 ne, wato mafi ƙanƙantar lambar da 8 da 6 ke rabawa ba saura. Ita ce kuma lambar da malamin lissafi ke nema. A ninka kowane sashe da 24, hagu da dama, sai a sami 24x − 3x − 4x = 4,080,000, wato 17x ke nan. Dukiyar naira 240,000 ce: mata 30,000, mahaifiya 40,000.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su ninka ɓangaren hagu su manta da na dama, sai amsa ta fito 10,000. A darasin da babu labari, wannan amsa kan wuce ba a lura ba. A nan kuwa ɗalibi da kansa zai tambaya yadda ɗa zai gaji 170,000 daga dukiyar da ba ta wuce 10,000 ba.