YAUƘIN RANDA DA GYAMBON DA YA ƘI MAGANI

Duk matar da ta taɓa sa hannu cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba ta san wani santsi mai yauƙi da ke manne a jikinta. Muna roƙon mutanen ƙasar Rano da Kibiya su dubi wannan yauƙi da idon basira, gama shi ne misalin abin da ke sa wani gyambo ya shekara yana cin kuɗin mai shi.

Ƙwayoyin cuta ba kullum suke yawo ɗai-ɗai ba. In sun sami wuri mai laima, kamar haƙori, ko gyambo, ko robar fitsari da ake sa wa majiyyaci, sai su manne, su hayayyafa, su fid da wani majina-majina su lulluɓe kansu. Watau sun kafa birni sun kewaye shi da ganuwa, abin da ba sai an fassara wa mutumin Rano ba. Tun 1683 wani Bature na ƙasar Holan, Leeuwenhoek, ya kankare dattin haƙoransa ya duba da madubin ƙara girma, ya ga halittu na motsi a ciki. Amma sai a 1978 masani Costerton da abokansa suka bayyana cewa zaman taron nan shi ne al'adar ƙwayoyin.

To, ina ruwan wannan da magani? Da fari dai yauƙin yana rage ƙarfin magani kafin ya kai ciki. Na biyu, ƙwayoyin da ke can ƙasa suna kwance kamar masu barci, alhali yawancin magungunan nan sai mai girma da hayayyafa suke kashewa. Na uku, zaman maƙwabtaka yana sa wadda ta san dabarar tsere wa magani ta ba 'yar'uwarta. Masana sun auna sun tarar wani lokaci sai an riɓa magani har sau 1,000 kafin ya kashe na cikin ganuwa.

Nan ne laifinmu ya shigo. Mutum ya sayi kafso huɗu a kemis ko a faifan mai talla ranar kasuwa, ya sha biyu, ya fasa biyu ya barbaɗa a gyambo. Raunana su mutu, ciwo ya lafa, na cikin ganuwa su farka sun fi da taurin kai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗin haɗarin shan magani ƙasa da ƙima tun 1945. Ba a ji ba. A 2019 ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum wajen miliyan 1.27 a duniya, kuma in an kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wuya.

Ra'ayinmu shi ne, ganuwa rusa ta ake yi, ba a lallashinta. A riƙa dirje randa da jarka da soso da sabulu, a shanya su a rana. A riƙa asuwaki safe da dare. Mai gyambo ya tafi asibiti a kankare masa mataccen nama a wanke, ko da zafi, don wannan ya fi kafso goma. Kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta, a kuma sha yadda ya ce.

Ga hukuma kuwa, Nijeriya ta fitar da shirin yaƙi da wannan matsala tun 2017. Muna so a ga amfaninsa a ƙauyuka: a wadata asibitocin Rano da Kibiya da kayan gwaji, a hana tallar magani a rana. Dagatai da limamai su taya da faɗakarwa. In muka yi sakaci, ranar da 'ya'yanmu za su nemi maganin nan, za su tarar ya zama gari.

Allah ya ba mu lafiya, amin.